Hoton da Aka Naɗe Ƙasansa

Hotuna biyu ne a bangon shagon telan ƙungiyarmu ta ƙwallo a Kazaure. Ɗaya na ɗan wani malamin makaranta ne, wanda aka kira shi zuwa Ikko ya sa rigar Najeriya. Wannan na gaskiya ne. Ɗayan nawa ne.

Ban yi boko ba. Sana'ata wanki da guga. Da yamma kuma in buga baya a ƙungiyar gari, ƙafa ba takalmi, kamar kowa a lokacin. Ban iya wata gwaninta ba. In mutum ya taho da ƙwallo, ko ƙwallon ta wuce ni ko shi ya wuce, ba su biyun ba. Iyakata ke nan.

Tela shi ne uban ƙungiya. Shi ya ɗinka mana riguna, shi yake ajiye ƙwallo da famfo, shi yake raba faɗa. Shi kuma ya kafa dokar benci. Benci ɗaya ne a gefen fili, ƙarƙashin darbejiya. Ba mai zama a kai sai wanda ya sa rigar ƙasa, sai baƙon da tela ya kama hannunsa ya zaunar. Sauran jama'a a tsaye ko a ƙasa. Ko wakilin hakimi ne, da kujerarsa yake zuwa. Yawancin lokaci bencin haka yake wuni ba kowa, don ɗan malam ba mazaunin gari ba ne. Mu kuma muna wucewa muna kallon katakon nan kamar wani abu.

A cikinmu akwai bahago. Da ƙafar hagu yake bugu, shi ya sa muke ce masa haka. Daga wani ƙauye yake a bayan Babura, ya zo Kazaure koyon ɗinki wajen tela. Siriri ne, ba ya magana da yawa, kullum da guntun goro a kumatu. Uwarsa 'yar Magarya ce ta ƙasar Nijar, can ma aka haife shi. Bayan samun mulkin kai ba da jimawa ba, wani mai fataucin fata daga Damagaram ya gan shi a wasan da muka yi a Babura. Ya kai labari. Aka aiko ana nemansa a Yamai, a gwada shi don ƙungiyar ƙasar Nijar.

Mahaifinsa malamin allo ne, mai tsauri. Ya yarda da sharaɗi biyu. Na farko, kada a ɗauke shi hoto. Na biyu, kada ya tafi shi kaɗai. Bahago ya zo ya same ni ina matse wando a bakin rijiya.

"Za ka raka ni?"

"Wa zai ci da ni a can?"

"Bakin da zan ci da shi."

Muka hau motar gyaɗa zuwa Damagaram. Daga can kwanaki muka yi a hanya kafin Yamai.

Da muka isa, bahago ya ce musu ni ma ina bugawa. Suka ce to, a gani. Aka ba ni takalmin ƙwallo. Ban taɓa sa shi ba a rayuwata. Na shiga fili ina gudu kamar jakin da aka yi wa dabaibayi. Ƙwallon farko ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Ta biyu na kai mata duka na sami iska, na zauna a ƙasa. Mai horar da su ya busa usur, ya nuna min waje da yatsa. Ko rabin sa'a ban yi ba. Shi ke nan wasan da na yi wa ƙasar Nijar.

Bahago ya roƙa kada a kore ni. Aka tambaya me na iya. Na ce wanki. Aka ba ni baho da sabulu da rigunan mutum ashirin da wani abu. Na yi aikina. Ba a taɓa kuka da wankina ba.

Shi kuwa sun riƙe shi. Ranar da ya buga musu da wasu baƙi daga bakin teku, ina bayan raga da bokitin ruwa. Kusa da tashi aka ɗago ƙwallo daga kusurwar dama. Ta sauka a ƙirjinsa. A bayansa akwai wani dogon ɗan baya mai ɗaurin bandeji a ka. Bahago ya bar ƙwallon ta faɗo, ya juya, ya sa mata hagu. Ta shiga ta ƙasan sanda. Takalminsa ya fice ya bi ta, ya wuce saman raga, ya faɗi kusa da bokitina. Ni na ɗauko na kai masa. Ya karɓa yana dariya, ya ce, "Ka gani? Shi ma ba ya son ƙafar ɗan ƙauye."

Washegari mai hoto ya zo masauki. 'Yan wasa suka yi layi. Bahago ya zame ya shiga masallaci, saboda alkawarin mahaifinsa. Ni ina wanki. Rigarsa tana hannuna, ko bushewa ba ta gama yi ba. Na sa ta. Na tsaya inda nake, baho a gefena, ƙafa ba takalmi, na ce a ɗauka. Wasa ne. Ina so kawai in ga yadda za ta yi min.

Da hoton ya fito na ba wani direba da zai biyo ta Kazaure, na ce ya kai wa innata, ya ce mata ina lafiya. Ban ce a ce na buga ba. Ban kuma ce a ce ban buga ba.

Bayan wata huɗu muka dawo. A tasha muka tarar da kalangu. Inna ta toya waina ta raba sadaka a unguwa. Tela ya riga ya karɓi hoton ya sa a gilashi. Katakon da ya samu ƙarami ne, hoton bai shiga ba, sai ya naɗe ƙasansa ya mayar baya. Idonsa ya soma rauni a lokacin, ban san ko ya lura da abin da ya naɗe ba. Abin da ya rage a fili shi ne ni daga gwiwa zuwa sama, da rigar ƙasa, ina ɗaure fuska.

Na ja bahago gefe.

"Zan gaya musu."

"Ka ga innarka kuwa? Tana ta rawa da ludayi a hannu. Bar ta."

"To kai fa?"

"Ni na san abin da na yi. Zo mu zauna, katakon ya ishe mu."

Tela ya kama hannunsa da dama, ya kama nawa da hagu, ya zaunar da mu. Haka na hau benci.

Shekara biyu muka yi muna zama tare. Sai gwiwarsa ta lalace a wani wasa a Gwiwa. Har an yi ta tsokanarsa da sunan garin. Mahaifinsa ya rasu, ya koma ƙauye ya riƙe gona da shanu. Tela ya rasu, ɗansa ya gaji shago. Abokan wasanmu suka watse, wasu soja lokacin yaƙi, wasu Kano. Ni na rage, da benci, da hoto.

Samarin da suka taso suka riƙa tambayata yaya Yamai take. Da farko nakan ba su labarin kogi da abincin masauki. Wannan duk na gani da idona. Sai suka ce, to wasan fa? Na ba su labarin dogon mai bandeji. Wata rana bakina ya ce, "Sai ta sauka a ƙirjina." Ba wanda ya tsayar da ni. Daga ranar labarin ya zama nawa. Abu ɗaya na canza. Kowa ya san ban iya taɓa ƙwallo da hagu ba, don haka na mayar da bugun dama. Shekara kusan goma ina ba da shi. Har na riƙa jin zafin ƙwallon a ƙirjina in ina faɗa.

In an ambaci bahago, tsofaffi su ce, "Af, wanda ya raka mai wanki ɗin nan?" Ban gyara ba.

Fari ya zo. Shanu suka mutu a arewa, mutane suka kwararo kudu da ƙwarya a ka. Wanda bai ci ba ba ya kawo wanki. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Mun ci abin da ba zan ambata ba. Ina faɗa ne don a san yadda nake, ba don a yafe min ba.

Bayan fari kuɗin mai suka shigo. Kwalta, kwano a rufin gidaje, rediyo a kowane shago. Wani Alhaji ɗan kwangila daga wajen Roni ya ɗauki nauyin ƙungiya. Ya sayo riguna da takalma da raga. Ya ce yana son mai horar da samari, da albashi duk wata, da babur. Sharaɗinsa ɗaya: sai wanda ya sa rigar ƙasa. Ɗan malamin makarantar nan yana Kaduna da babban aiki, ba zai dawo ba. Kowa ya kalle ni. Aka sa ranar da za a tabbatar, Juma'a bayan la'asar, a bakin fili.

Ranar Juma'ar da hantsi ina hura gawayin dutsen guga, sai na ji sallama. Ban gane shi nan da nan ba. Ya bushe. Yana jan ƙafa. Rigarsa ta koɗe har ban san launinta na asali ba, ni da aikina ke nan.

"Mai wanki, kana nan da ranka?"

"Bahago?"

"Ragowarsa."

Na ba shi ruwa. Na aika aka sayo fura. Ya sha a hankali, kamar mai jin kunyar yunwarsa. Ya ce shanu sun ƙare, saura gona, ita ma iri babu. A kasuwar Babura ya ji labarin aikin.

"Gudu kam ba zan iya ba," ya ce. "Amma baki yana nan, ido yana nan. Zan iya koya musu. Ba ni da takarda, ba ni da hoto. Kai ne shaidata."

Bai san ni ake shirin ba ba. Ko ya sani ya yi kamar bai sani ba. Na ce, "Allah ya kai mu la'asar."

La'asar ta yi. Alhaji ya zo da akawunsa, wani saurayi mai biro uku a aljihu. Samarin ƙungiya sun kewaye. Na zauna a benci. Bahago ya zauna a ɗaya ƙarshen, wurinsa na da. Alhaji yana tsakiya.

Kyaftin ɗin samarin ya matso ya rusuna wa bahago.

"Baba, a yi haƙuri. Wannan bencin ba na kowa ba ne."

"Na sani, ɗana. Na sa rigar ƙasa."

Akawu ya buɗe littafi. "Wace ƙasa, malam?"

"Nijar."

"Akwai takarda?"

"Babu."

"Hoto fa?"

"Mahaifina ya hana."

"To ba mu labari, mu ji."

Ya gyara zama. Ya fara. Baƙi daga bakin teku. Ƙwallo daga kusurwar dama. Da ya kai kan dogon mai bandeji, wani daga baya ya ce, "Sai ta sauka a ƙirji!" Wani ya karɓa, "Sai takalmi ya fice!" Dariya ta tashi. Suka ƙarasa masa labarin baki ɗaya, kamar karatun allo. Ɗaya ya ce, "Baba, ka yi hadda mai kyau, amma ka yi kuskure. Da dama aka buga."

Bahago bai kalle su ba. Ni ya kalla. Ba fushi a fuskarsa. Kallon mutumin da ya dawo gida ya tarar da wani sanye da rigarsa.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru. Mutumin kirki ne, ba ya son a wulaƙanta baƙo. Ya juyo gare ni.

"Malam, ka san bawan Allahn nan?"

"Na san shi, Alhaji."

"Yaya abin yake?"

"Tare muka je."

Abin da na faɗa ke nan. Ba ƙarya a ciki. Na sha yin ƙarya a rayuwata, amma ba wadda ta kai wannan gaskiyar muni. Na jira bahago ya yi magana. Da ya ce, "Wanki ya yi mana," da na amsa. Na rantse da na amsa. Bai ce ba. Ya dafa katakon ya miƙe, don gwiwar ba ta tashi da kanta. Ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, na ɓata muku lokaci." Alhaji ya sa hannu a aljihu zai ba shi na mota. Ya ce ya gode, yana da shi. Ba shi da shi. Ya bi gefen fili ya tafi, yana jan ƙafar hagu.

Aka ba ni makullin babur.

Na yi aikin. Na koya musu abin da na sani, wato tare mutum. 'Ya'yana suka ƙoshi. Matata ta sami sabon zane. Labarin ne kawai na kasa sake bayarwa. In sun roƙa sai in ce maƙogwarona yana ciwo.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Ɗan tela ya yi wa shago fenti, ya sayo manyan katakan hoto masu ruwan zinariya daga Kano. Ya aiko in zo in ga nawa a sabon gida. Ina tsaye ya cire tsohon katako. Ya ga naɗin. Ya ce, "Af, ashe da saura." Ya buɗe da farce a hankali kada ya yage.

Ga ƙafafuna, ba takalmi, da kumfa a kansu. Ga baho cike da riguna. Ga sabulu a kan dutse.

Ya daɗe yana kallo. Ba wawa ba ne. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya mayar da naɗin yadda yake, ya danne da babban yatsa, ya ce, "Kawu, ina ga tsohon katakon ya fi dacewa da shi."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Yaron da aka haifa a gabana, shi ne zai rufa min asiri, kamar yadda bahago ya rufa, kamar yadda wataƙila ubansa ya rufa. Kowa yana ɗauke min kayan, ni ina zaune.

Na ce, "Ba ni."

Ranar wasa na kai shi fili. Alhaji yana kan benci. Na buɗe naɗin na miƙa masa, na ce a zagaya da shi kowa ya gani. Na ce ban taɓa buga wa kowace ƙasa ba. Na ce wanki na yi. Na ce mutumin da aka tayar daga nan shi ya ci ƙwallon, ni takalmi na ɗauko. Ba wanda ya yi dariya. Kyaftin ya sunkuyar da kai. Na ajiye makullin babur a kan katakon.

Alhaji ya mayar min da shi. Ya ce, "Hau ka je ka zo da shi. In ka dawo ka ajiye."

Na je ƙauyensu. Wani ne a gonar, yana tara karan gero. Ya ce shi ya saya, tun kafin shuka. Ya ce mai ita ya kwashe iyali ya yi Kano. Kwana uku na yi ina tambaya a Kano kafin na same shi. Yana gadin wani sito na buhuna, zaune a kan bulo, da sanda a gefe.

"Mai wanki. Har da babur."

"Naka ne. Na gaya musu. Alhaji ya ce ka zo."

"Yaushe ka gaya musu?"

"Shekaranjiya waccan."

Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Na karɓa, na kasa kai shi baki.

"Da ka faɗa ranar, da gonar babana tana nan," ya ce. Bai ɗaga murya ba. Kamar yana gaya min farashin gero.

"Na sani."

"To."

"Ka zo, don Allah."

"In je in zauna a inda yaro ya tashe ni? A'a. Nan ba mai tambayata hoto."

Na roƙe shi har aka kira azahar. Muka yi salla tare a gefen sito. Bai canza ba. Da na hau babur zan tafi, ya kira ni.

"Kai."

Na tsaya.

"Aikin nan, ka riƙe ko ka bari, ruwanka. Amma labarin nan, in za ka bayar, ka bayar daidai. Da hagu na buga."

Na koma Kazaure ni kaɗai. Na ajiye makulli. Alhaji ya ɗauko wani daga Kano ya ba shi aikin. Na koma bakin rijiya da bahona. Ɗan tela ya tambaye ni abin da za a yi da hoton. Na ce ya mayar da shi bango a buɗe, a babban katakon, da ƙafa da baho da komai. Ya mayar.

Ban sake ganin bahago ba. Na aika masa saƙo sau biyu, ba amsa. Daga baya aka ce ya bar siton.

Ina zuwa kallon wasa har ƙafata ta gaza. A tsaye nake kallo, daga bayan raga. Wani lokaci sababbin samari sukan zo su ce sun ga hotona a shago, su tambayi yadda aka yi. Sai in gaya musu. Ƙwallo daga kusurwar dama, dogo mai bandeji, ƙirjin wani mutumin Babura. Da hagu ya buga. Takalmin ya faɗi kusa da bokitina, na ɗauko na kai masa.